Kyanwar Matar Andrawus

Dutsen ya wuce ta saman kan kyanwar ya bugi danga. Na uku ke nan tun safe. Kyanwar ta tsallako gida a hankali kamar ba da ita ake ba, Lydia kuwa ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta shiga zazzaga wa maƙwabcinta Dabo zagi ta saman danga, har da iyaye da kakanni. Shi ko ya sunkuya yana tara wasu duwatsun.

Duk Kusasu an san gabar da ke tsakaninsu. Tun mijinta Andrawus na da rai aka yi shari'a a kan iyakar wata fadama, Dabo ya ci. Lydia ta rantse ko garwashin wuta ba za ta ɗebo daga gidansa ba, kuma abin da hannunsa ya taɓa ba zai kwana a gidanta ba. Abin da sauƙi sa'ad da yake zaune can gidan gona a bakin daji. Sai matarsa ta rasu, shekarar da aka raba jihohi, ya dawo cikin gari, kuma duk faɗin garin bai ga wurin zama ba sai jikin dangarta. Malamin gona ya damƙa masa ajiyar taki da maganin ɓera na manoma, ɗaki guda cike.

Kyanwar ita ce abokiyar hirar Lydia, don 'ya'yanta suna Kaduna, sai Kirsimeti take ganinsu. Wata safiya da kaka ta buɗe ƙofa ta iske ta zaune, fara sol, da ƙibarta, ta sa mata suna Tsintuwa. Daga ranar gidan ya koma na kyanwa. Ta sa aka yi wa rijiya murfi. Kwalbar kananzir ta koma rataye a sama. Ta jefar da tarkon ɓera, ta hana a barbaɗa mata hoda a rumbu ko da ƙwari za su cinye dawar, kifi ma sai ta zare ƙayar kafin ta ba ta. Mata na yi mata dariya a rafi, ta ce su yi ta yi, ai ba a gidan wata take ci ba.

Abu guda ya gagare ta: Tsintuwa ba ta da wurin yawo sai gidan Dabo, shi kuwa da ya hango ta sai jifa. Mutumin da a da yake kakkaɓo zabo da sanda a daji, yau ga kyanwa a gabansa ya kasa samu, mutane suka ce tsufa ya cinye masa ido. Lydia ba ta ga abin dariya ba. Ta san wata rana dutsen zai samu, in ma bai samu ba, mai ɗakin guba ba ya rasa wata hanya. Tsoron nan ya hana ta sakat.

Ta kai ƙara gaban mai gari. Dabo ya zauna kamar kututture, aka yi aka yi ya faɗi laifin kyanwar, ya ce shi dai ba ya son ta a gidansa. Mai gari ya yanke cewa in ya sake ɗaga wa kyanwar hannu, sai gaban alƙali a Birnin Gwari. Lydia ta dawo gida tana waƙa da ƙarfi, don dai ya ji.

Kwana tara ba a yi jifa ba. Dabo ya saro ƙaya ya jera a kan danga, Lydia ta ce baƙin hali dai ba ya rasa hanya. Tsintuwa ta bi ta ƙasa ta wuce abinta.

Ran Lahadi da hantsi Lydia ta taso daga coci ta kira Tsintuwa, shiru. Can ta jiyo wani siririn kuka daga gidan Dabo, ta leƙa. Yana durƙushe a bakin ɗakin ajiya, ya matse kyanwar tsakanin gwiwoyinsa, ya wage mata baki yana ɗura mata abu daga kwalba, kumfa na dalala.

Rantsuwar shekara goma sha biyu ta tashi a banza. Lydia ta figi taɓarya, da kayan cocinta a jiki, ta faɗa gidan. Bugu guda ta kai masa a hannu, ƙashi ya yi ƙara, kwalbar ta fashe.

"Mugun tsoho! Me ta yi maka?"

Abin da ya malale a ƙasa manja ne, wanda ake ɗura wa wanda ya ci guba. A gefe ga mushen ɓera an ci rabinsa. Lydia ta durƙusa ta miƙa hannu tana kiran Tsintuwa. Kyanwar ta ja jiki da ƙyar, ta wuce ta, ta ɗora kai a kan ƙafar Dabo, ta daina motsi.

Dabo bai dubi karyayyen hannunsa ba. Hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Matar Andrawus, marigayiya matata ce ta raine ta tun idonta bai buɗe ba. Da aka kawo mini gubar nan, ni na ajiye miki ita a ƙofa, don na san da hannuna ba za ki karɓa ba."