Riƙe Nan, Kar Ka Motsa

Ragon Tanimu maƙwabci ne ya yi ɓarnar. Ya zo sosa ƙeya a jikin ƙarfen da ke ɗauke da parabol ɗin Inna Rahmatu, wato farantin kamo tashoshin talabijin. Farantin ya karkace, tele ta koma yayyafi. Ga shi a ranar ne aka ji harbi a Yamai, sojoji suka karɓe mulki bayan rigimar tazarce.

Duk Jiratawa an san Inna Rahmatu. Tsohuwa ce mai sayar da zogale, ba miji, ba ɗa a gabanta. Ta yi auren fari a Tsibiri, ta yi na biyu a nan, ƙasa ta rufe mazan duka. Ba ta wasa da yara, ba ta zaman gulma. Shi ya sa aka yi mamaki da ta sayar da awakinta ta sa aka kafa mata parabol da farantin sola, ita da ke cewa kallo aikin marasa aiki ne.

Tun daga ranar gidanta bai sake zama nata ba bayan magariba. Maƙwabta sukan cika ɗaki har bakin ƙofa. Ita ma takan zauna, ta kalli wa'azi, ta kalli masu noma. Amma da mai karanta labarai ya fito, wani Maman Lawali ɗan Tsibiri, sai ta juya wa akwatin baya, ta jawo faifai ta hau tsinkar zogale har ya gama.

In an yaba muryarsa, sai ta ce, "Wancan? Surutu ya yi mishi yawa." Aka yanke cewa ta tsane shi, aka bar ta da halinta.

Washegarin juyin mulki magana ta cika gari. Wasu suka ce an kwashe ma'aikatan gidajen tele, wasu suka ce harsashi ya sami ɗaya a hanyar aiki. Babu mai faɗin suna. Inna ba ta tambayi kowa ba, kuma ba ta kunna wuta a murhu ba. Abu ɗaya take son sani: in magariba ta yi, mutumin nan zai fito ko ba zai fito ba.

Ta yafa mayafi, ta hau kabu-kabu, abin da ta rantse ba za ta taɓa hawa ba. A Sabon Gari, cikin Maraɗi, ta iske Idirisa mai gyaran parabol yana jan ƙofar shago.

"Inna, yau ba ranar aiki ba ce. Ki bari gari ya lafa."

"Gari ya lafa a gidanku. Ɗauko ƙarafanka."

Ya dubi fuskarta, ya ɗauko.

Suna isa rana ta yi ja. Maƙwabta sun san tele ta lalace, kowa ya lafe a gidansa da rediyo a kunne. Idirisa ya hau duba waya, bakinsa bai huta ba. Ya ce farantin sola da ke kan rufinta, asalinsa don taurarin ɗan Adam aka inganta shi, tunda can sama ba mai kai musu wuta. Ya ce hoton da take gani sai ya tashi daga Yamai, ya je sama can inda tsuntsu ba ya kaiwa, sannan ya faɗo cikin wannan faranti.

"Doguwar hanya," in ji ta. "Amma ya fi wasu sanin gida."

Suka yi sallar magariba. Idirisa ya zaga bayan ɗaki, ya sassauta ƙusoshi, ya ɗaga murya.

"Inna, daga nan ba na ganin tele. Ni zan juya, ke ki zuba mata ido. In hoto ya fito ki faɗa mini."

Ta waiga dama, ta waiga hagu. Ba kowa a ɗakin sai ita da tabarma. Ta zauna a gaban akwatin, hannunta ba faifai.

Yayyafi. Sai wata inuwa ta gilma ta ɓace. Ƙarfe ya yi ƙara a waje. Sai murya ta riga hoto zuwa, muryar da ta sani kamar tafin hannunta, tana yi wa jama'a sallama. Sannan fuska ta fito tangaran: goshi mai faɗi, furfura ta fara a gefen kunne, ɗan tabo a haɓa.

"Ya fito?"

Ta ƙura wa fuskar ido.

"Inna! Hannuna ya gaji. Ya fito in ɗaure?"

"Riƙe nan," ta ce. "Kar ka motsa."

Ta san in ya ɗaure zai shigo, in ya shigo kuma an zama biyu. Ta matsa har numfashinta ya taɓa gilashi. Ta duba wuyansa ko ya rame, ta duba idonsa ko ya yi barci. Ta kai yatsa kan tabon nan, na bakin turmi ne, ranar da ya fara tafiya.

Yaran yanzu ba za su gane ba. Mace mai kunya ba ta kama sunan ɗan farinta, balle ta zuba masa ido a gaban mutane. Idirisa ya yi ta riƙe da ƙarfe har aka gama labarai, ita kuwa tana kallon fuskar da rabonta da ita tun ranar da dangin ubansa suka ɗauke shi a bakin yaye.