Tambulan Shidan Gidan Alhaji Ya'u

Tas! Tambulan ya suɓuce daga hannun Mastura, ya tarwatse a bakin famfo. Yarinyar nan ko kuka ta kasa.

Ba tambulan banza ba ne. Guda shida ne, masu bakin zinariya, kakar mijinta Hajiya Tani ke kulle su a kabad. Gadon uwar Alhaji Ya'u ne, mijin Hajiya, tun zamanin da ake kawo kaya ta jirgin ruwa. Sai da Sallah ake fito da su. Baƙo ba ya taɓa tuwo sai an durƙusa an miƙa masa ruwa a ciki da hannu biyu, ya sha ya sa albarka.

Kowace shekara Alhaji sai ya yi wa baƙi kirari: tunda aka zo Agege a Legas ko ɗaya bai taɓa tsagewa ba. Hajiya ta ce, “Ai hannu ne, Alhaji,” tana gyara ɗankwali. Shi kuma ya yi gyaran murya, ya kalli silin.

To ga amarya, Sallarta ta farko a gidan, an yarda da ita an ba ta makulli, ta yi wannan aika-aika ana jibi Sallah. Wa zai sake ba ta ko cokali?

Ta tattare fasassun a leda, ta naɗe lafiyayye guda a hijabi, ta ce za ta karɓo ɗinki. Motar haya ta danfo ta sauke ta a kasuwar Oshodi. Ta bi rumfa rumfa, zufa har gadon baya, kowa ya duba ya girgiza kai. Wani ya nuna mata wata tsohuwar Bayarabiya a can ƙurya, Iya Abdulganiyu.

Iya ta juya tambulan, ta leƙa gindinsa, ta jawo kwali daga ƙarƙashin tebur. Ga irinsa nan cike, sak!

Mastura ta kama hannunta. “Mama, don Allah ki rufa mini asiri. Kayan tarihi ne, in surukaina suka ji na shiga uku.”

“Gidan Alhaji Ya'u ko?”

Mastura ta saki hannun Iya.

Iya ta yi dariya har da buga cinya, tana naɗe sabon a jarida.

“Share hawayenki, 'yata. Hajiya ta sayi huɗu a nan, Alhaji biyu, kuma kowannensu ya ce kar ɗayan ya ji.”