Dashen Albasa a Bayan Keke

Tunda ka ce kai ba ka da lokacin tsayawa gaishe-gaishe a hanya, bari in ba ka misalin wani mai keke.

Mutumin nan ya iya keke, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Duk shekara idan damina ta ɗauke, ruwa ya fara janyewa daga fadama, sai ya hau ya bi kwarin kogi ƙauye-ƙauye yana sada zumunci. Ƙasar shimfiɗe take kamar faifai, babu hawa babu gangara, kana barin wannan gari kana hango giginyar na gaba. Abu ɗaya ne yake ci masa tuwo a ƙwarya, wato al'adar mutanen kwarin. A can mai keke ba ya wuce majalisar dattawa yana bisa sirdi. Sai ya sauka ya tura da hannu, ya rusuna, a tambaye shi gida da iyali da gajiya, a tambayi inda ya fito da inda ya nufa, sannan ya ɗan yi gaba ya hau. Ƙauyukan kuwa a jere suke, kowanne da tsamiyarsa, kowace tsamiya da tsofaffinta. Shi a ganinsa rashin aikin yi ne kawai yake damun su.

Wata shekara wansa, wanda yake noman rani a tsallaken kogi, ya aiko masa cewa irin albasar da ya yafa ruwa ya cinye, ya taimaka ya samo masa dashe. Ya riga ya ja fangalin da zai dasa a ciki ya ba shi ruwa, dashen kaɗai yake jira. In lokacin dasawa ya wuce, to noman bana ya wuce, da albasar nan kuwa yake ciyar da gidansa. Mutumin ya samo dashe mai kyau, aka cire masa da sassafe, ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu ya ɗaure a bayan keke. Dashen albasa ba ya shiri da rana, in ta dafa shi a cikin buhu ko ka dasa ba ya tashi. Don haka ya ƙudura a ransa yau ba mai sauke shi. Ya wuce ƙauyen farko da ƙararrawa da ɗaga hannu, ya wuce na gaba haka, ya ga ba abin da ya same shi, har yana jin haushin shekarun da ya yi yana sauka. A ƙauyen ƙarshe kafin kogi wani tsoho har miƙewa ya yi yana yafito shi da hula. Shi kuwa ya jefa musu sannu da hutawa daga nesa, ya ƙara taka feda.

Abin da tsohon yake so ya gaya masa bai da yawa. Bana kogi ya ci gaɓa a tsohon mashigi, mai fito ya janye jirginsa ya koma can gabas. Duk wanda ya sauka a majalisar nan ana faɗa masa, ai dalilin tambayar ina aka nufa ke nan. Tsohuwar hanya tana nan a miƙe, samanta ya bushe har ya tsattsage, amma ƙarƙashi baƙar laka ce mai danƙo. Bai yi nisa ba taya ta nutse, laka ta cushe madigadi, keke ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ya karyo tsinke ya sakace, ya ɗan tura, ta sake cushewa. Da mai hankali ne da ya juya a nan, amma yana hango ƙyallin ruwa, sai ya saɓi keken a kafaɗa ya ci gaba da kutsawa. Da ya isa bai tarar da jirgi ba, bai tarar da kowa ba, sai gaɓa a tsaye kamar bango. Ko ruwan da zai yayyafa wa buhun bai iya kaiwa gare shi ba, ga rana ta take tsaka.

Hanyar komawa ɗaya ce, ta gindin tsamiyar nan ta bi. Ya iso a ƙasa, keke a kafaɗa, takalmi ɗaya ya bar wa laka, ya rusuna ya yi gaisuwa. Ba wanda ya yi masa dariya, wannan ma ya fi yi masa ciwo. Suka amsa masa a tsanake, gida da iyali da gajiya, ba su rage ko ɗaya ba, aka kawo masa ruwa ya sha. Sannan tsohon ya tambaye shi inda aka nufa. Da ya faɗa, tsohon ya nuna masa hanyar gabas ya ce, "Ai da ka tsaya ɗazu, ɗana, da yanzu kana tsallake."

Sai bayan la'asar mai keken ya isa lambun wansa. Wan yana tsaye a bakin fangali tun safe. Aka kwance buhu, dashen ya dahu ya yi laushi kamar dafaffiyar rama. Wan ya ɗaga ɗauri guda ya duba, ya mayar ya ajiye. Bai yi faɗa ba, sai ya tambayi ƙanensa yaya hanya. Ranin nan ciyawa ce ta ci fangalin, wan kuma ya yi ta ƙodago a lambun mutane don kada gidansa ya kwana da yunwa.

Ka ga abin da ya sa Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.