Tantabaruna da Idin Kyandir

Na dawo daga makaranta da rana na tarar kakata ta ɗaure tantabaruna biyu a kwando. Tun suna 'yan shila nake kiwonsu a bayan gidanmu a Potiskum.

"Kaka, ina za ki kai su?"

"Coci. Yau Idin Kyandir ne."

Ta bayyana mini da Hausarta mai gauraye da Ngizimanci: da jariri Yesu ya cika kwana arba'in, Maryamu da Yusufu suka kai shi Haikali, babban ɗakin ibada, da tantabaru biyu, don ba su da halin sayen rago. Wani tsoho ya rungume shi, ya kira shi haske.

"To ai shi ya sa kowa kyandir yake kaiwa, Kaka."

"Maryamu ba kyandir ta kai ba."

"Amma nata ta kai, ba na jikanta ba."

"Kai da naka duk nawa ne. Ɗauki kwandon."

Haka na ɗauka ina kuka har coci. Yanzu Kaka ta daɗe da rasuwa, ina kewarta ƙwarai. Amma na sha karanta labarin nan, har yau ban ga inda aka ce sai tantabaruna ba.