Ɗan Zongon da ke zuwa gonar rake

Dramane ya riga ya shige motar da kyamarar haya a wuyansa kafin Alhaji Labaran ya ce ya yarda.

"Tada mota, Alhaji. Yau Asabar, yanzu haka yana can."

Lokacin ne bakin kowa ya buɗe a Jamhuriyar Benin. Tun da aka tashi daga babban taron ƙasa, komai sai an jefa ƙuri'a, har shugabancin sandika, wato ƙungiyar direbobin Zongo, wanda a da dattawa ke naɗawa bayan sallar Juma'a. Mutum biyu suka tsaya: Labaran, ɗan marigayi Alhaji Isa mai kamiyo, babbar motar kaya, da Mansur mai akori-kura. Dramane, abokin Labaran tun makarantar allo, ya naɗa kansa jagoran kamfe, kuma ya samo labari mai zafi. An ga motar Mansur tana shiga wata gona a hanyar Seme, inda ake dafa giyar rake.

"A rufa wa mutum asiri mana," in ji Labaran.

"Bayan zaɓe ma rufa."

Har shaida Dramane ya tanada. Malam Souley ladan yana zaune a baya, rungume da carbinsa.

Labaran ya ja Fijo ɗinsa kamar mai rakiyar gawa. 'Yan zemijan, masu acaɓa, suna wuce su a kan gada suna yi musu ƙaho. Bayan gari kwatancen da aka yi wa Dramane ya rikice masa, yana ta waige-waige, sai Labaran ya karya kan mota hagu, cikin wata 'yar hanya da ba ta da ko allo.

"Ya aka yi ka sani?"

"Ni ba direba ba ne?"

Tun daga ƙofar gonar warin ya tare su, zaƙi-zaƙi, tsami-tsami. Malam Souley ya toshe hanci da bakin rawani. Wani jan kare ya taso da haushi, Dramane ya haye kan mota da takalmansa. Karen ya shinshina rigar Labaran, ya kaɗa wutsiya, ya koma inuwa.

Mai gonar ta fito daga rumfa, tsohuwa 'yar ƙabilar Fon, gajeruwa, zani ɗaure a ƙirji. Sunanta Mama Afiavi. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ba ta daɗe a kan kowa ba. Dramane ya ce mata da Faransanci sun zo ganin gari ne, ita kuwa ta shiga gaba.

Ta nuna musu injin matse rake, da gangunan da ruwan ke kwana yana kumfa, da tukunyar tagulla a kan murhu, wadda bututunta ya bi ta cikin randar ruwan sanyi ya fito yana ɗiga. Wata tukunyar kuma an zuba mata ɓawon lemo da citta da kimba, ita ce ta giyar da ake kira jin. Malam Souley yana ta a'uziyya, amma ya fi kowa leƙawa. Ƙofar ɗakin gangunan gajera ce. Dramane ya ƙume goshi, Malam ya zubar da rawani. Labaran ya sunkuya tun kafin ya iso.

Ta kawo musu ruwan rake sabon matsa. Sai da Malam ya sa ta rantse bai kwana ba, sannan ya sha, ya kuma miƙa kofi a ƙara. A kofin Labaran kaɗai ta matsa lemun tsami, ba tare da ta tambaye shi ba.

Dramane ya ga wannan. Ya tuna kwanar hanya, ya tuna karen. Ya fara tunanin ko ɗan takararsa ya kawo wurin yanka.

A bayan rumfa suka sami Mansur, riga a tuɓe, yana loda tuƙar rake da shebur. Ragunansa yake kai wa. Da ya ga kyamara da ladan, ya yi dariya har ya dafa mota, ya gyara tsayuwa ya ce a ɗauka, a manna a tasha.

"Amma tunda kun zo da Malam, a ƙarasa aikin," ya ce da Faransanci don tsohuwar ta ji. "Duk zuwan da na yi ina ganin sawun ƙaramar mota a nan. Mama, tsakaninki da Allah, wane ɗan Zongo ne ke zuwa gonar nan bayan ni?"

Sauran kwana kaɗan zaɓe, kuma duk abin da ladan ya ji da safe, Zongo ta ji shi kafin la'asar.

Tsohuwar ta goge hannu da zaninta. Ta amsa da Hausa tsaf, wadda ba wanda ya zaci tana ji.

"Ban san kowa a Zongo ba."

Ta juya tana tura itace cikin murhun da ba ya bukatar itace.

Dramane ya sauke ajiyar zuciya, ya tasa ƙeyar mutanensa zuwa mota. "Mu tafi, Alhaji, Allah ya rufa asiri. Kada ka sake ko waiwaye."

Labaran ya buɗe ƙofar mota. Ya tsaya riƙe da ita, yana kallon bayan tsohuwar cikin hayaƙi. Sai ya mayar ya rufe. Ya taka har bakin murhu, ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa a kan toka da farar shaddarsa, ya gaishe ta da harshen Fon, kansa a ƙasa.

Sannan ya ɗago ya dubi ladan.

"Malam, ku matso ku gaisa da mahaifiyata."