Kabarin Mai Gadin Ƙofar Ruwa

Tun da jirgi ya tashi daga Zungeru Bappa bai sa komai a bakinsa ba, ko goro. Mutumin da a Kontagora sai an roƙe shi yake yin shiru, yau ga shi ya lafe a lungun tarago kamar kazar da ruwa ya daka.

Malama Safiyatu ce ta matsa masa. Makarantar 'yan mata ta shirya wa 'yan babban aji ziyara zuwa madatsar ruwan da Turawan kuza suka gina a duwatsun ƙasar Jos, inda ruwa ke juya inji ya ba da wutar lantarki. Baturiyar makaranta ta ce sai da dattijo ɗan rakiya. To wa ya fi Bappa? Ƙanin mahaifin Safiyatu ne, mijin uwarta, kuma a can ya yi aiki da ƙuruciya. Ya kawo uzurin ciwon baya, ya kawo noman gyaɗa, ya kawo tsufa. Da Kubura, uwar Safiyatu, ta tambaye shi in bai raka 'yarsa ba wa zai raka ta, sai ya ɗauki sandarsa.

Ita Safiyatu ba inji ne ya dame ta ba. Tana goye mahaifinta Abdulsalami da ƙaninsa suka tafi aikin madatsar. Ƙanin ya dawo shi kaɗai, ya ce wansa ya bi wata mace sun yi Kurmi. Alƙali ya raba auren, Bappa ya auri Kubura, ya riƙe yarinyar riƙon da ba wanda ya taɓa kushewa. Duk da haka ta girma ana nuna ta da baki, ana cewa 'yar wanda ya gudu. So take ta sami ko mutum ɗaya a can da zai gaya mata ko ubanta yana raye.

Da suka isa madatsar, wani ma'aikaci mai gajeren wandon kaki, Luka, shi ya zagaya da su. Ya nuna musu tafkin da aka tsare tsakanin duwatsu, da manyan bututun da ke gangarawa zuwa ɗakin inji. Da ya taɓa wani maɓalli ƙwan lantarki ya kama da tsakar rana, 'yan matan suka yi ihu, wata ta fara salati.

Bappa dai ya ja amawalin rawaninsa har kan hanci. A matattakala shi ya ce wa yara su kula da ta kusa da bango, santsi gare ta, tun kafin Luka ya buɗe baki. Duk tsohon ma'aikacin da ya gifta, sai takalmin Bappa ya nemi gyara, ya duƙa. Safiyatu tana lura, tausayinsa ya kama ta. Kunyar abin da wansa ya aikata ce, in ji zuciyarta, har yau ba ta sake shi ba.

A lambun shaƙatawa, inda Turawa kan shimfiɗa darduma ranar Lahadi tsakanin furanni da itatuwan mangwaro, ta ja Luka gefe ta tambaye shi Abdulsalami.

"Ban san shi ba, Malama, lokacin ina yaro. Amma mutumin garinku ɗaya, ba wanda bai san shi ba a nan. Ku zo ku gani."

"Rana ta yi," in ji Bappa. "Motar da za ta mai da mu tasha ba za ta jira mu ba."

Ba wanda ya saurare shi.

A ƙarshen lambun akwai kabari an kewaye shi da farar ƙasa, da dutse a kansa. Luka ya cire hula. Ya ce wata damina ruwa ya sauko daga duwatsu kamar ba zai tsaya ba, tafki ya cika yana neman fasa bango. Ranar hutu ce, leburori sun tafi bariki wajen kiɗa da burkutu, mata da yara suna bukkoki a ƙasan madatsar. Mai gadin ƙofar ruwa shi kaɗai ya sauka ya murɗa ƙarfen da hannu har ƙofa ta buɗe. Bango ya tsira, bukkoki suka tsira, shi kuwa ruwan ya tafi da shi.

Da aka tsamo gawar fuska ba ta ganuwa, sai da lambar tagullar da ke wuyansa aka shaida shi, irin wadda kowane mai gadi ke ratayawa. Abin da ya ba tsofaffi mamaki, in ji Luka, mai lambar nan an san shi da barin bakin aiki in ya ji kiɗa, yakan liƙa wa wani ya tsaya masa. Ɗan'uwan da suka zo tare kuwa, tun ranar ba a ƙara ganinsa ba.

"Ni kaina ranar ina cikin bukkokin nan," in ji Luka.

Bayan su aka ji sanda ta faɗi. Zufa ta jiƙa rawanin Bappa, ya kasa ɗaga ido daga ƙasa. Da ƙasar za ta tsage da ya shige.

Safiyatu malama ce, ba ta barin rubutu ya wuce a banza. Ta sa wata ɗaliba ta karanta wa 'yan'uwanta abin da ke jikin dutsen. Yarinyar ta share gansakuka da tafin hannu, ta bi baƙaƙen da yatsa, ta ɗaga murya:

"Haliru, mutumin Kontagora."

Safiyatu ta daɗe tana kallon kabarin. Sannan ta juyo a hankali ta dubi Bappa Haliru, yana tsaye da ransa a gaban kabarin wansa.