Ɗalibar da Ta Makara

Farfesa ya gyara wuyan rigarsa, ya dubi ajin.

Ɗalibin da ke gaba yana barci baki buɗe, yawu na bin haɓarsa. Na kusa da taga ya zo ba takalmi, sai susar ƙafa yake yi. Daga kusurwa kuma wani wari ke tasowa wanda bai so ya san mafarinsa ba. Ya tsufa yana koyar da asalin harsunan Indiya da Turai, bai taɓa haɗuwa da ƙazaman ɗalibai irin na bana ba.

Amma yau dole ya daure. Ya daɗe yana neman izinin tafiya gida, kullum shugabar sashe sai ta ce tukuna. Ga ta tsaye a bakin ƙofa cikin farar rigarta, ta ce abin da ta gani yau shi zai yanke hukunci.

Ya soma a tsanake, yadda aka koyar da shi tun yana yaro a makarantar mishan. Ya ce uwar da ta haifi harsunan Girkanci da Sanskrit hanya biyu ta bai wa aikatau: aikin da mutum ya yi wa wani, da wanda ya yi wa kansa. Zancen "an yi masa" daga baya ya tsiro.

Babu wanda ya ɗaga kai. Mai barcin ma minshari ya ƙara.

Ana cikin haka wata mata ta shigo da kwanon abinci a leda. Ta zauna daf da shi, ta kai hannu za ta share masa gefen baki.

Ya ja da baya kamar an taɓa shi da wuta.

"Ke! Kin makara, kin shigo mini aji da abinci, kuma har da taɓa malami? Wace irin tarbiyya aka yi miki a gida?"

"Baba..."

"Babanki yana can inda kika baro shi. Fita!"

Ta fita tana toshe baki da mayafi. Farfesa ya dubi shugabar, yana jiran yabo kan yadda ya riƙe ajinsa.

Ita kuwa ta bi matar waje, ta ja ƙofa a hankali.

"Ki yi haƙuri, ƴar'uwa," in ji likitar mai farar rigar. "Ba zan iya sallamarsa daga asibitin nan ba, tunda yau ma mahaifinki bai gane ki ba."